Daulatabad: Dutsen da Mashi Bai Ci Ba, Yunwa Ta Ci

A farkon shekarar 1296 Ala'uddin Khalji, gwamnan garin Kara da ke bakin kogin Ganga, ya ɗebi mahaya kimanin 8,000 ya nausa kudu ba da sanin Sarkin Delhi Jalaluddin ba, alhali baffansa ne kuma surukinsa. Dewagiri ya dosa, wanda yau ake kira Daulatabad, birnin sarakunan Yadawa, wanda labarin dukiyarsa ya daɗe da isa arewacin Indiya. Duk inda ya yada zango sai ya baza cewa shi bafade ne da ya ɓata da ubangidansa, yana neman inda zai raɓa. Da haka ya iso gindin dutsen da kagarar birnin ke kansa babu wanda ya yi ɗamarar tarbarsa. Babbar rundunar gari ta bi ɗan sarki wani yaƙin, don haka Sarki Ramachandra ya tattara na kusa da shi ya haye sama. Firishta, malamin tarihin da ya rubuta labarin bayan shekara 300, ya ce cikin ruɗewa aka kwashi wasu buhuna da fatake suka yasar a bakin gari aka hau da su, ana zaton hatsi ne. Ranar da aka kwance bakinsu sai ga gishiri.

Ko an yi wa zancen gishirin ƙari ko ba a yi ba, abin da ya biyo baya ba a jayayya a kansa. Ala'uddin ya washe garin da ke ƙasa. Ɗan sarki ya dawo da runduna, aka gwabza, aka kore shi. Ramachandra ya nemi sulhu, ya ba da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja da giwaye da dawaki, ya kuma yi alkawarin aika gandu kowace shekara. Ala'uddin ya koma Kara da kayan, ya lallaɓi baffansa ya zo karɓar ganima, aka kashe tsohon a bakin kogi cikin watan azumi. Da zinariyar Dewagiri ya sayi manyan fada a hanyarsa ta zuwa Delhi, ya hau gado.

Na fara da wannan labari ne saboda babu mahayin Ala'uddin ko guda da ya taka ƙololuwar dutsen, amma dutsen ya miƙa wuya. Haka abin ya yi ta maimaituwa. Daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa na 18 wurin ya ratsa hannun gidajen sarauta kusan 8, kuma da wuya ka sami wanda ya karɓe can saman da tsinin mashi. Yunwa ce, ko tawayen na ciki, ko ciniki. Wanda yake son ya fahimci ginin Daulatabad sai ya riƙe tambaya biyu a ransa yana hawa: me ya sa ba ya hawuwa, kuma me ya sa hakan bai taɓa isa ba?

Wurin yana cikin jihar Maharashtra ta yau, kimanin kilomita 15 arewa maso yamma da Aurangabad, birnin da aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar a 2023. Curin dutse ne guda, tsaye shi kaɗai a fili kamar tulin hatsi a masussuka, tsayinsa kusan mita 200. Baƙin dutse ne irin wanda aman wuta ya shimfiɗa a tudun Dakkan, wato yankin tsakiya da kudancin Indiya, tun fil azal. Yana gadin mashigin da fatake ke bi daga arewa zuwa kwarin kogin Godawari, inda tsohon garin kasuwanci na Paithan yake. Wajen 1187 Bhillama na Biyar, wanda ya ɓalle daga iyayen gidansa Chalukya, ya mai da shi mazaunin sarautarsa. Sunan Dewagiri yana nufin dutsen alloli. A ƙarƙashin jikokinsa garin ya yi arziki ƙwarai, harshen Marathi ya fara samun rubutaccen adabi, yadin da ake saƙawa a can kuma ya yi suna wajen laushi har Amir Khusrau, mawaƙin fadar Delhi, ya yaba shi.

Abin da aka yi wa dutsen shi ne abin mamaki. Wasu garuruwan ɗora ganuwa suke yi a kan tsauni. A nan tsaunin aka sassaƙe. Masassaƙa sun zagaye gindinsa suna datse gangaren, har ya zama bango miƙe sambal mai tsayin kusan mita 50, sannan a ƙarƙashinsa suka haƙa gwalalo mai zurfi cikin dutsen, wanda ruwan damina ke cikawa. Abin da aka saba faɗa shi ne Yadawa suka fara aikin, na bayansu suka ƙara. Abdulhamid Lahori, marubucin tarihin Shah Jahan, sarkin daular Mugal ta Indiya, ya ce sulɓin bangon ya kai har tururuwa ko maciji sai sun sha wuya kafin su hau. Ba a banza wannan gwaninta ta samu a wannan yanki ba. Tafiya kaɗan daga nan akwai kogunan Ellora, inda a ƙarni na 8 aka fafe haikalin Kailasa daga dutse guda, aka faro daga sama aka gangaro ƙasa. Ƙasar da ta iya fafe ɗakin bauta daga fa, ita ce ta iya aske tsauni. Duk lokacin da na tuna cewa da guduma da ƙarfen sassaƙa aka yi wannan, kwando bayan kwando ana kwashe tsakuwa a ka, mutanen da suka ƙarar da ƙarfinsu a gindin bangon nan sun fi tsaya mini a rai a kan sarakunan da suka ba da umarni.

Mai shiga yau daga waje yake farawa, kuma tafiyar tasa kamar komawa baya ce cikin tarihi, domin ganuwar waje ce ƙarama a shekaru, ƙololuwa ce babba. A harshen mutanen wurin kot yana nufin ganuwa ko kagara. Ta farko Ambarkot, wadda ta rungume garin talakawa. Ta biyu Mahakot, ganuwa riɓi biyu mai hasumiyoyin tsaro birjik da gwalalo a gabanta. Ta uku Kalakot a gindin dutse. Can sama kuma Balakot. Ƙyauren babbar ƙofar Mahakot katako ne mai kauri da aka kafa wa tsinin ƙarfe jere-jere. Giwa aka yi wa wannan, domin a yaƙin Indiya da goshinta ake karya ƙofa. Ita kuwa giwa sai ta sami filin sheƙowa da gudu kafin bugunta ya yi tasiri, shi ya sa magina suka hana ta fili: ka wuce ƙofar farko sai hanya ta karya kwana, ka tsinci kanka a wata 'yar farfajiya da bango ya kewaye, maharba na bisa kanka, ƙofa ta biyu kuma ba ta kallon ta farko. Duk wanda ya san zauren gidan sarauta, inda ƙofar shiga ba ta fuskantar ta fita, ya san tushen dabarar. Bambancin shi ne zaure ido yake tarewa, wannan kuwa runduna yake tsinkawa gida-gida. Akwai ma ƙofofin yaudara da ke kai mutum ga bango.

Idan maƙiyi ya ci duk waɗannan, bai yi komai ba tukuna. Yana isa bakin gwalalon dutse sai ya ga hanya ɗaya ce tak, siririyar gada wadda mutum biyu ne kawai za su jera a kanta. Tsohuwar gadar dutsen an yi ta ƙasa-ƙasa yadda idan aka ƙara ruwan gwalalo sai ta nutse. Ka tsallake, babu matakala a jikin bango. Cikin dutsen za ka shiga. Wannan rami shi ake kira Andheri, wato mai duhu, kuma sunan ya dace da shi: Lahori ya kwatanta shi da hawan cikin hasumiya, ya ce ko da rana tsaka sai da fitila. Yana murɗawa, matakalarsa ba su daidaita ba, wata doguwa wata gajeriya, rufinsa yana sauka inda ba ka zata ba. A bakinsa na sama akwai inda ake ɗora faifan ƙarfe a hura wuta a kai, zafi da hayaƙi su cika ramin. Mutum goma da itacen wuta sun isa su tsare dubu. Yau jemagu ne suka gaje shi, masu yawon buɗe ido na haskawa da wayoyinsu. Daga ƙofar ƙasa zuwa ƙololuwa ana ƙirga matakala kimanin 750.

To ga inda gizo ke saƙar. Hanyar da ba ta shigar da maƙiyi ba ta shigar da jakin hatsi. Ruwa an yi masa dabara, an fafe tafkuna a jikin dutse suna tara na damina. Hatsi kuwa sai abin da aka riga aka tara a rumbu, kuma wanda ya yi maka ƙawanya bakin gada ɗaya kawai zai tsare. Sannan saman dutsen ba ya ɗaukar gari. Sarki da iyalinsa da dakaru ne ke samun wuri. Kasuwa, masaƙa, maƙera, gonaki, duk abin da ya sa sarautar ta zama sarauta, a ƙasa yake. Abin da Ala'uddin ya gane ke nan a 1296, kuma ganuwoyin da na ambata duk amsa ce ga wannan rauni: kowane sabon mai gida sai ya ƙara zagaye ɗaya a waje, yana ƙoƙarin jawo garin cikin inuwar dutsen.

Ƙarshen Yadawa bai ɗau lokaci ba. Da Ramachandra ya daina aika gandu, wajen 1308 Ala'uddin ya turo bawansa kuma sarkin yaƙinsa Malik Kafur, aka tafi da shi Delhi, aka karrama shi, aka maido shi a matsayin mai biyayya. Daga Dewagiri Kafur ya yi ta shirya hare-harensa zuwa Warangal da ƙuryar kudu. Bayan mutuwar Ramachandra ɗansa ya yi turjiya aka kashe shi, surukinsa Harapala ya gwada shi ma aka yi masa kisan wulaƙanci a zamanin Mubarak Shah, ɗan Ala'uddin. Wannan sarkin ne ya gina babban masallacin Juma'a na cikin Mahakot a 1318. Ginshiƙansa, fiye da 100, daga haikalan Hindu da na Jain aka ciro su, har yau ana ganin sassaƙar masu su na farko a jiki. Bayan 1948, da ƙasar Hyderabad ta shiga tarayyar Indiya, aka kafa mutum-mutumin Bharat Mata, wato Uwa Indiya, a mihrabinsa, yanzu da sunan haikali ake kiran wurin. Ba na jin daɗin ko ɗaya daga cikin biyun. Waɗanda aka rushe wa wurin bauta a ƙarni na 14 an cuce su, waɗanda aka karɓe wa masallaci a ƙarni na 20 su ma an cuce su, kuma gini ɗaya ne yake ɗauke da shaidar duka biyun.

Sai babban al'amarin da ya sa sunan garin ya shiga kowane littafin tarihin Indiya. A 1327 Sarkin Delhi Muhammad bin Tugluk ya raɗa masa Daulatabad, ya ce nan ne mazaunin mulki. Kalmar daulat a Farisanci, kamar daula a bakinmu, tana ɗaukar mulki tana ɗaukar wadata, duk daga Larabci muka aro. An daɗe ana ba da labarin a matsayin haukan sarki, amma mutumin yana da hujja. Tun yana yarima shi ya ci Warangal a 1323, ya san faɗin kudu da idonsa. Daularsa ta miƙe daga Punjab har kusan ƙarshen kudancin Indiya, Delhi kuma tana can gefen arewa, kusa da hanyar da Mongol ke kawo hari. Ɗan'uwansa Baha'uddin Gurshasp bai daɗe da yin tawaye a Dakkan ba. Ya ga cewa ƙasar da sai an yi tafiyar kwana 40 kafin umarni ya isa gare ta ba taka ba ce, sai ka dasa mutanenka a cikinta. Saboda haka ba fada kaɗai ya so ya kai ba. Malamai, alƙalai, shehunan ɗariƙa, attajirai, masu sana'a, su yake so su tare a can.

Kuskurensa tilas ne. Ya dasa itatuwan inuwa a hanya, ya gina zango-zango, ya sayi gidajen masu tashi, ya yi musu kyauta, mahaifiyarsa ma tana cikin waɗanda suka fara tafiya. Duk da haka tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, da tsofaffi da mata da jarirai, kuma ba wanda aka tambaya ko yana so. Ziya'uddin Barani, wanda ya zauna a fadar sarkin shekaru da yawa, ya ce mutane sun mutu a hanya, waɗanda suka isa kuma kewar gida ta kashe da yawansu, har maƙabartun Musulmi suka kewaye Daulatabad. Mawaƙi Isami yana ɗan shekara 16 aka tashe su, kakansa mai shekara 90 ya rasu tun a zangon farko, kuma a dogon waƙen tarihin da ya kammala a 1350 bai yafe wa sarkin ba. Ibn Baɗuɗa ya kawo labarin makahon da aka ja a ƙasa daga Delhi, ƙafarsa ɗaya ce ta isa. Sai dai shi bai iso Delhi ba sai 1334, ji ya yi a bakin waɗanda ke jin haushin sarki. Rubuce-rubucen Sanskrit da aka samu a kewayen Delhi na 1327 da 1328 sun nuna Hindu na zaune abinsu suna haƙa rijiyoyi, kuma ba a daina buga kuɗi a birnin ba. Abin da masana tarihi na yanzu suka fi karkata a kai shi ne manyan Musulmin birnin aka kwashe, ba kowa da kowa ba. Su ne kuwa masu alƙalami, shi ya sa kukansu ya cika littattafai kamar duniya ce ta tashi. Wannan bai rage zafin abin da ya same su ba. Wajen 1335, ga tawaye a Madurai, ga annoba ta faɗa wa rundunarsa, sarki ya ce wanda ke son komawa ya koma.

Ibn Baɗuɗa ya ga garin da idonsa wajen 1342, yana kan hanyar zuwa Sin a matsayin manzon sarki. Ya ce girmansa ya yi kafaɗa da Delhi, kuma kashi uku ne: mazaunin sarki da dakaru, sai unguwar da ake kira Kataka, sai kagarar saman dutse wadda ya ce ba ta da na biyu wajen tsaro. Ya ce da tsani na fata ake hawa, da dare a janye shi. Ya ambaci ramukan da ake jefa manyan fursunoni, da ɓerayen cikinsu waɗanda suka fi kyanwa girma. Ya yi zancen attajiran da ke cinikin lu'ulu'u, da inabi da rumman masu 'ya'ya sau biyu a shekara, da wata kasuwa ta mawaƙa maza da mata mai suna Tarababad. Mutumin nan, bayan kimanin shekara 11, shi ne ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da yawa ke karantawa Gobir. Ido ɗaya ne ya ga tsanin fatar Daulatabad ya kuma ga sandunan tagullar da ake kai wa ƙasar Hausa.

An ce ƙaurar ta faɗi, amma a ganina abin da sarki ya shuka ya tsiro, sai dai ba shi ya girba ba. Da yawa ba su koma ba. Shehu Burhanuddin Garib, almajirin Nizamuddin Auliya na Delhi, ya kafa zawiyar ɗariƙar Chishtiyya a tudun da ke kusa, wanda daga baya aka kira Khuldabad. Wani yaro da ya zo da mahaifinsa a cikin ayarin, Sayyid Muhammad Husaini, shi ne ya zama Gesudaraz, babban waliyyin Gulbarga da ya rasu a 1422. Harshen kasuwar Delhi da baƙin suka zo da shi ya gauraya da Marathi da Telugu da Kannada, ya haifi Dakani, wanda aka yi waƙa da ƙissa da shi a fadojin kudu tun kafin Urdu ta sami gindin zama a adabin arewa. Su kuma hakiman da aka dasa, 'ya'yansu sun tashi suna ganin kansu mutanen Dakkan ne. Da sarki ya janye malaminsa Kutlug Khan daga gwamnan garin, aka kuma ji an yanka hakimai da dama a Malwa, sai na Daulatabad suka ƙi amsa kira, suka naɗa ɗayansu, Isma'il Mukh. Muhammad bin Tugluk ya zo da kansa, ya ci su a fili, suka haye dutse. Ya zauna a gindinsa wata da watanni, kagarar da ya zaɓa da hannunsa ta gagare shi, har wani tawayen a Gujarat ya janye shi. A watan Agustan 1347, cikin masallacin nan na Mubarak Shah, aka naɗa Hasan Gangu da laƙabin Ala'uddin Bahman Shah. Daular Bahmani ke nan, kuma kusan shekara 250 Delhi ba ta sake mulkin Dakkan ba.

Bahmani sun mai da fadarsu Gulbarga, daga baya Bidar, Daulatabad ta koma kagarar iyaka. Amma sun ƙarfafa ganuwoyinta, sun kuma bar mata abin da ido ke fara gani daga nesa: Chand Minar, hasumiyar wata, wadda aka gina wajen 1445 a zamanin Ala'uddin Ahmad Shah na Biyu. Siririya ce, hawa huɗu, da baranda a zagaye, a da jikinta na lulluɓe da tayil mai sheƙi irin na Farisa, alamar yawan Farisawan da ke kwarara fadar a lokacin. Da daular ta tsage, wajen 1500 wurin ya faɗa hannun sarakunan Nizam Shahi na Ahmadnagar. A ƙarƙashinsu wani Bahindu, Janardan Swami, ya riƙe muƙami a kagarar, kuma shi ne malamin Eknath, ɗaya daga manyan waliyyan mawaƙan Marathi. Har yau masu ziyara na tsayawa a kogon da ake dangantawa da shi kusa da ƙololuwa.

Mutumin da ganuwar waje ke ɗauke da sunansa ya cancanci a dakata a kansa. An haifi Malik Ambar a ƙasar Habasha wajen 1548. An sayar da shi yana yaro, ya bi ta Yaman ya isa Bagadaza, inda ubangidansa ya karantar da shi ya sa masa suna Ambar. Daga can aka kawo shi Dakkan, Chengiz Khan, wazirin Ahmadnagar, wanda shi ma Bahabashe ne da ya taso daga bauta, ya saye shi. Bayan rasuwar wazirin ya sami 'yanci, ya fara tara mahaya nasa na kansa. A 1600 rundunar Sarki Akbar ta Mugal ta ci birnin Ahmadnagar, kowa ya ɗauka masarautar ta ƙare. Ambar ya samo wani ɗan gidan sarautar ya naɗa, ya aura masa 'yarsa, ya riƙe ragamar mulki a matsayin waziri, ya yi shekara 26 yana hana Mugal sakat. Bai yarda ya tare su gaba da gaba ba sai in ya ga sa'a. Mahaya masu sauƙin kaya daga cikin Maratha, mutanen yankin masu harshen Marathi, ya horar, su datse hanyar abinci, su kai farmaki su ɓace. Ma'ana, makamin da ya saba kayar da Daulatabad, wato yunwa, shi ya juya wa masu ƙawanya. A Bhatvadi a 1624 ya karya haɗakar Mugal da masarautar Bijapur. Haushinsa ya ci Sarki Jahangir, ɗan Akbar, har ya sa aka zana shi tsaye bisa duniya yana harbin kan Ambar da kibiya, abin da bai taɓa samu a fili ba.

Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ya gane iyakar dutsen. Ya riƙe Daulatabad a matsayin ma'aji da mafaka, ya kewaye garin ƙasa da ganuwa, amma a 1610 ya kafa sabon birni a fili, a ƙauyen Khirki, ya jawo masa ruwa daga tsaunuka ta magudanar ƙarƙashin ƙasa wadda ake kira Nahr-i-Ambari. Ya sa aka auna gonaki aka daidaita haraji da abin da ƙasa ke bayarwa. Da ya rasu a 1626, marubucin fadar abokan gabarsa, Mu'tamad Khan, ya shaida cewa ba shi da tamka a yaƙi da iya mulki.

Shekara 7 kacal bayansa aka ci kagarar. Ɗansa Fateh Khan bai gaji haƙurinsa ba: ya kashe sarkin da yake wa waziri, ya naɗa yaro, ya yi wa Mugal mubaya'a, sannan ya juya ya haɗa kai da Bijapur. Ƙasar kuma ba ta farfaɗo daga muguwar yunwar 1630 zuwa 1632 ba. A 1633 Mahabat Khan ya yi wa garin ƙawanya. Zamani ya canja, yanzu akwai albarushi. Aka haƙa rami ƙarƙashin Ambarkot aka tashe ta, aka shiga. Aka yi wa Mahakot haka. Ganuwoyin da hannu ya ɗora sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, saura bangon da aka sassaƙe, wanda albarushi ba ya yi wa komai. Can sama kuwa abinci ya ƙare, cuta ta shiga. Bayan kimanin wata 4 Fateh Khan ya karɓi kuɗi da alkawarin tsira ya miƙa mabuɗai, aka tafi da yaron sarki Husain kurkukun Gwalior. Labarin Ramachandra ne ya dawo bayan shekara 337, ba wanda ya ratsa Andheri da takobi.

Mugal sun ƙawata wurin. Kusa da ƙololuwa akwai Baradari, farin soro mai bakuna da ke kallon fili ta ko'ina, wanda ake dangantawa da zuwan Shah Jahan a 1636. A kan wata hasumiya kusa da gwalalo an girke Mendha Top, igwar da aka ƙera gindinta da siffar kan rago, sunan Sarki Aurangzeb, ɗan Shah Jahan, na rubuce a jikinta tare da laƙabinta, mai fasa kagara. Amma shi Aurangzeb, da yake gwamnan Dakkan, a 1653 birnin Ambar ya zaɓa ya zauna, ya sa masa sunansa, Aurangabad. Jama'a suka bi ruwa da kasuwa, garin gindin dutse ya fara zama kango. Aikin da ya rage wa Daulatabad shi ne wanda Ibn Baɗuɗa ya gani tun farko: wurin da ba a iya shiga, ba a iya fita. Da masarautar Golkonda ta faɗa hannun Aurangzeb a 1687, a Chini Mahal, gidan da ragowar tayil shuɗi ke manne a fuskarsa har yau, aka tsare sarkinta na ƙarshe, Abul Hasan Tana Shah, fiye da shekara 10 har ya rasu. Daga baya kagarar ta shiga hannun Nizam, sarkin Hyderabad, Maratha suka karɓe ta a 1760 ta hanyar yarjejeniya bayan yaƙin Udgir, ta sake komawa ga Nizam. Yanzu hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ce ke riƙe da ita.

Idan ka sauko ka hau hanyar da ta nufi Ellora, za ka wuce Kagzipura, ƙauyen masu yin takarda da hannu, waɗanda ke danganta zuwan kakanninsu da zamanin Tugluk. Gaba kaɗan sai Khuldabad. Malik Ambar na can ƙarƙashin ƙubbarsa ta dutse. Tana Shah na can. Aurangzeb, wanda ya rasu a 1707 bayan ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana yaƙi da jikokin mahayan da Ambar ya horar, shi ma can ya yi wasiyya a kai shi. Kabarinsa ƙasa ce a buɗe, babu ƙubba, a farfajiyar Shehu Zainuddin Shirazi, magajin Burhanuddin, wanda ya iso Daulatabad daga Delhi cikin ayarin da Muhammad bin Tugluk ya tasa.